Yatsun Shafi'u Mai Gyara

Kafin rana ta ɗaga, duk unguwa ta ji cewa an sace kwamfutar Abdulmutalib a gidan marigayi Alhaji Shittu mai albasa, kuma duk unguwa ta san ɓarawon. Haka mutane suke in abu ya ɓata, ba a rasa wanda ya gani da idonsa ko da yana gona lokacin. Baƙo ɗaya ne ya shiga gidan jiya, Shafi'u mai gyaran waya da kwamfuta daga kasuwar Goronyo. Shi ke nan, magana ta ƙare. Da ya dawo Wurno da safe da ƙafarsa, wai zai ƙarasa aiki, sai 'yan sintiri suka yi caraf da shi suka ɗaure a zauren gidan. Don dai a ce an yi abin da ya kamata, aka tura babur ƙauyen Maikujera ya ɗauko Halliru mai bin sawu.

Halliru ya zo yadda yake zuwa ko'ina a 'yan shekarun nan, ba ɗoki ba fargaba. Da can in aka kira shi, jikinsa har tsuma yake yi. To amma wanda ya sha bin sawun shanu har bakin daji ya ja ya tsaya, ya juyo ya ce wa masu su su yi haƙuri, akwai abin da ke mutuwa a cikinsa. Yanzu aikin ya zama aiki kawai. Ya duba ƙasa, ya faɗi abin da ya gani, a mayar da shi gida.

Tsakar gidan an share ta tas, ba abin dubawa. A waje ne ya ga sawun wani takalmi mai cinyayyen diddige ya fito daga zaure, ya bi jikin katanga, ya tsaya, ya juya, ya ƙara gaba, har ya zagaye gidan kaf. Isa, shugaban 'yan sintiri, ya cire takalmin Shafi'u ya kawo. Halliru ya aza shi a kan sawun, ya zauna daidai.

"Sawunai na," in ji Halliru.

Iyakar abin da ya ce ke nan. Isa bai tsaya jin ko akwai saura ba, ya koma zaure da kulkinsa.

*

Halliru yana tsugune a gindin dalbejiya yana jiran mai babur lokacin da ihun ya fara. Ba zai yi ƙarya ya ce tausayi ne ya tashe shi ba, ya ji ihun da ya fi wannan. Sawun ne ya ƙi kwanta masa a rai. Ɓarawo a kan yatsu yake tafiya, yana manne da inuwa. Wannan kuwa ya taka ƙasa da dukan tafin ƙafarsa, a fili, kamar mai yawo a gonar ubansa. Ya miƙe ya shiga zauren.

Shafi'u na zaune a ƙasa, an ɗaure hannayensa a gaba. Ba zai wuce shekara talatin ba. Yatsun hannunsa na hagu sun kumbura sun yi suntum, biyu ma sun karkace.

"Hagu munka taɓa," in ji Isa yana share gumi. "In la'asar ta yi bai hwaɗi inda yak kai ta ba, sai dama."

"Ba ni wuri in yi magana da shi."

Isa ya fita yana gunaguni. Halliru ya tsuguna.

"Mi ya kai ka zagaye gidan mutane?"

"Aikina na, Baba." Muryarsa a dishe take. "Ce mini anka yi sabis bai kai ɗaki, kwamfuta kuma ta yi nauyi. Na iske rauta, na'urar da ka ba gida sabis, cikin kabad na ƙarhe, bayan talabijin. Alhaji yas sa ta nan don kada jikoki su taɓa. To ƙarhe shanye sabis shika yi. Na hiddo ta, na kashe na kunna, na rataye ta bisa ƙusa kusa da taga. Sannan na ɗauki wayata na zagaya in ga inda sabis ɗin ka ƙarewa. In na tsaya, dubin waya nika yi."

"Bayan katanga ka daɗe."

"Can sabis ya cika tam. Na duba na ga wayoyin da ba na gidan ba suna jan shi, shi ya sa ba ya gudu. Sai na canza lambar sirri."

"Kwamfutar fa?"

"Zahi ya yi mata yawa, fankar ta toshe. Na hure ta. Na kashe tarkacen da ka tashi tare da ita in an kunna. Saura cikinta, ya cika maƙil da bidiyo, ba wurin numfashi. Na ce yau in dawo in wanke ta ta koma sabuwa." Ya dubi hannunsa na dama, wanda ba a taɓa ba tukuna. "Baba, da wanga nika riƙe sukuddireba. Ɗiyana ukku. In sunka taɓa shi na gama."

Halliru bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya gaji da wannan kalma. Ya tashi kawai ya fita, yana sane da cewa bakinsa ne ya karya yatsun nan biyu.

*

A bayan katanga, daidai inda sawun Shafi'u ya daɗe a tsaye, ƙasa ta yi sumul saboda yawan zama. Ga ɓawon gyaɗa, tsoho da sabo. Ga guntayen zare, shuɗi da ruwan goro, sun maƙale a jikin bulo. Wani sawun silifa ya taso daga wurin ya tsallaka lungu ya shiga shagon tela.

Mujaheed tela yana ganin Halliru ƙafarsa ta tsaya a kan keke.

"Wallahi tallahi, Baba Halliru, ban..."

"Ban tambaye ka ba tukuna. Wa ya ba ka lambar rautar gidan Alhaji?"

"Shi Alhajin da kainai, Allah ya jiƙanai. Na yi mishi ɗinkin Sallah, yac ce in riƙa duba sabbin aikin wuya da ita. Daga baya dai na ba abokai biyu. Ko huɗu."

"Jiya an rufe ka."

"An ruhe ni. Na zo bayan la'asar na zauna, abu ya ƙi. Na ji haushi, ba ni ɓoye maka, har na zagi wanda ya canza. Na tashi na dawo shago."

Halliru ya riga ya san haka. Sawun silifar tsakanin shago da katanga kawai yake kai da komo, bai taɓa karkata wajen ƙofar gidan ba. Mutumin ɓarawon sabis ne, amma ba shi da zuciyar haura katanga. Halliru ya juya zai tafi, sai tela ya ƙara, don dai ya wanke kansa da surutu:

"Ni wurin ma tsoro ya hwara ba ni. Bayan an yi bakwai ɗin Alhaji ina zaune sai na ji muryatai ta cikin gida, yana cinikin albasa yana dariya. Saura kaɗan in zubar da waya in ruga! Ashe Firdausi ta, matar Abdulmutalib, ka kunna bidiyonai a kwamfuta. Kullum da hantsi sai ta sa."

Halliru ya ɗan tsaya a bakin shagon, sannan ya wuce.

*

Ɗakin Abdulmutalib yana daga shiga gida, kafin a kai sashen mata. Ɗan fari ne ga marigayin, ma'aikaci a Sakkwato. Rasuwar ce ta dawo da shi, yake aikin ofis daga gida. Idanunsa sun yi ja, amma ba na kuka ba, na wanda aikinsa ya tsaya.

"Duba nan, Baba," in ji shi yana nuna rautar da ke rataye a ƙusa. "Ko ita bai bari ba. Jiya lahiya lau fitilunta ka yi, yau ta mutu. Mugu na, wallahi."

Halliru bai san rauta ba, amma ya san bin abu zuwa inda ya fito. Ya bi igiyarta da ido daga ƙusa har ƙasa. Ba mutuwa ta yi ba, kanta aka zare daga soket aka yar. Kusa da shi cajar kwamfutar na nan a soke, ɗaya bakin yana reto a gefen tebur.

"Kwamfutar tana aiki ba wannan?"

"Batirinta ya lalace. In ba caja, ba ta daɗewa."

"Mai gyara ya san haka?"

"Shi ma ya hwaɗa mini."

To, mai gyaran da ya san haka ba zai bar caja ba, kuma ba zai rasa gane igiyar rauta da ta kwamfuta ba. Wanda ya shigo nan ya yi ta jan igiyoyi ne har ya dace. Halliru ya ɗauki kan igiyar rautar. Fari ne, kuma a jikinsa akwai shatin yatsu na rairayi da ya manne ya bushe. Ba jar ƙasar tsakar gida ba ce. Rairayin gulbi ne mai tsakuwa-tsakuwa, kuma da jiƙe ya hau wurin, in ba haka ba da bai manne ba. A cikin wannan bazara da ko ƙadangare ke neman inuwa, ina hannu zai samo jiƙaƙƙen rairayi? Ya kai hanci. Ƙanshin ɗanyen goro.

"Yaushe ka bar ɗakin?"

"Da na tahi sallar asuba. Na dawo ban duba ba, sai da gari ya waye."

"Da mai gyara ya ce zai wanke ta, me ka ce?"

"Na ce ya goge duka, aiki nika so. Ina da hotunan marigayi a waya."

"A ina kuka yi maganar?"

"Nan bakin ƙohwa."

"Wa ya ji?"

"Ba kowa. Firdausi ta tahi kai gaisuwa. Inno kaɗai, tana ɗakinta." Ya yi murmushin gajiya. "Inno takaba takai, Baba, ko zaure ba ta leƙawa. Kuma ka san halin mutanenmu da ɗan hwari. Tunda anka haihe ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son abu gare ni, marigayi taka gaya ma, shi ya gaya mini."

Ya faɗi hakan ne kamar mai ba da labarin ruwan bara. Halliru ya dube shi, ya ga ko a jikinsa.

*

Ya roƙi ruwa. Firdausi ta kawo a kofin silba, ta durƙusa daga nesa ta ajiye. Ruwan randa ne, mai sanyi.

"Ɗiyata, ke kika share gida yau?"

"A'a, Baba. Na tashi na iske an share. Inno ta. Ni ma na yi mamaki, tun rasuwa ba ta taɓa tsintsiya ba."

"In kin sa bidiyon Alhaji, tana kallo?"

Firdausi ta sunkuyar da kai, kamar an tambaye ta abin da bai kamata a faɗa ba. "Ba ta taɓa cewa in sa ba. Amma in na sa sai ta jawo tabarma bakin ƙohwarta, ta juya baya, wai tsintar wake takai. Waken ba ya raguwa. Shi ya sa nika sawa kullum."

Daga inda yake tsaye Halliru yana hango rumfar da ke cikin gida. Randuna uku a jere a kan tudun rairayi. Ta tsakiyar ta ɗan karkace. A gefe kuma ga goro a ƙwarya, a fili, iska na bugunsa. Duk macen da ta san ciwon goro a gindin randa take binne shi, inda rairayi ke jiƙe dare da rana. In aka ga an tone shi an ajiye a waje, to wani abu ya karɓi wurinsa.

Ya shanye ruwan ya miƙa kofin. Bai ji daɗin gano abin ba, bai kuma ji baƙin ciki ba.

*

Ana idar da la'asar zaure ya cika. Isa da yaransa, Abdulmutalib, Mujaheed tela da aka kira yana ta rantsuwar da ba wanda ya nema, dattawan unguwa biyu, da 'yan kallo har waje. Shafi'u na nan inda yake. Ba a kwance shi ba ko don salla.

Halliru ya yi magana a tsaye, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce sawun Shafi'u ne ya zagaye gida, amma sawun rana ne, na mai auna sabis. Ya ce tela ya sha sabis ɗin gidan, amma bai taɓa nufar ƙofa ba. Ya ce wanda ya ɗauki kwamfuta bai san caja ba, bai san rauta ba, don haka ba mai gyara ba ne.

"Da sahe kai kac ce sawunai na," in ji Isa.

"Na ce. Ban gama dubawa ba na buɗe baki."

"To mun ji. Wa na?"

Halliru ya dubi Abdulmutalib. Isa ya sake tambaya:

"Malam Halliru, wa ya ɗauka?"

Sunan yana bakinsa. Amma ta yaya mutum zai tsaya a zauren mamaci, kabarinsa ko bushewa bai yi ba, ya ce matarsa mai takaba ita ce ɓarauniyar gidanta, a gaban ɗanta da 'yan kallo? Gobe war haka an kai maganar Rabah, jibi Goronyo.

"Kwamfutar ba ta fita gidan nan ba," in ji shi. "Abdulmutalib, zo mu keɓe."

"Ba wani keɓewa!" Isa ya buga kulki a ƙasa. "Nan anka yi sata, nan za a hwaɗi. Kullum haka kuka yi muna, mu kama ku sake, gobe a ce ba mu aiki. In ba ka da suna, ga mai suna nan zaune. Ku miƙo hannunai."

Samari biyu suka danne Shafi'u, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan dakali. Bai yi ihu ba. Ya rufe ido kawai, yana motsa baki. Halliru ya buɗe nasa bakin, ya ja numfashi.

"Ni ta."

Daga ƙofar cikin gida muryar ta fito, ƙasa-ƙasa. Kowa ya juya. Inno ce, a lulluɓe har goshi, ba takalmi. Ta rungume wani abu a ƙirji, naɗe da tsohon zane, rairayi na zuba daga jikinsa. Dattawan nan suka kawar da kai. Wani a waje ya ce, "Subhanallahi."

"Inno!" Abdulmutalib ya miƙe. "Inno, mi ya hito da ke?"

Ba ta dube shi ba. Bango ta duba, kamar yadda ta saba.

"Na ji yaron ga ya ce a goge duka," in ji ta. "Ba ni da wanda zan aika gare shi, mai aiken ya tahi. Baƙon kuma ba ni iya hitowa in yi mishi magana. Na ji an ce zahi ka damunta, sai na kai ta inda ke da sanyi. Na ce in an kwana biyu a manta. Tun sahe nika jin kukan ɗan mutane. Na tashi in hito, ƙahwata ta ƙi. Allah ya gani, na tashi."

Samarin suka saki Shafi'u a hankali, suka ja baya. Isa ya dubi kulkinsa kamar yanzu aka ba shi riƙo, ya rasa inda zai ajiye. Halliru ne ya tsuguna ya kwance igiyar, don ba wanda ya tuna.

Inno ta tako har gaban Shafi'u ta durƙusa, tsohuwa a gaban sa'an ɗanta, ta ajiye ƙunshin.

"Ɗana, ban ce ka yahe mini ba. Amma don Allah kada ka goge Alhaji."

"Inno, ba a gogewa haka nan," in ji Shafi'u. Ba fushi a muryarsa, ba komai. "Sai an kwashe an aje wani wuri, sannan a wanke. Ko mai abu ya ce a goge, ni sai na kwashe. Haka nika aiki."

Ya jawo ƙunshin da hannun dama ya warware. Zanen ya jiƙe sharkaf. Randa ta yini tana tsatsafo a kansa. Da ya ɗaga kwamfutar ya karkata ta, ruwa ya ɗiɗɗigo ta ramukan fanka ya sauka a kan dakali. Abdulmutalib ya kai hannu zai danna makunni.

"Kada ka kunna," in ji Shafi'u. "In ka kunna ta ƙone."

Abdulmutalib ya janye hannu, ya koma ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Abin da bidiyon ke ciki daban shike, can ƙasa," Shafi'u ya ci gaba, kamar mai yi wa kansa bayani. "Wani lokaci ruwa bai kai gare shi. Sai an kwance ta yau ɗin nan, a hiddo shi a busar, kahin tsatsa ta kama."

Ya laluba aljihu ya ciro ɗan siririn sukuddireba. Ya kifa kwamfutar a cinyarsa, ya sa bakin a kan noti na farko, ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Sai an danne da hannu ɗaya a murɗa da ɗaya. Ya ɗora hagun. Yatsun suka ƙi lanƙwasuwa, kwamfutar ta zame. Ya sake gwadawa, gumi ya keto masa, notin ya zille, bakin sukuddireban ya karce roba. Halliru ya miƙa hannu ya danne masa. To amma ciki akwai siraran wayoyi da sai yatsu biyu-biyu ke ɗaga su, kuma duk zauren nan ba mai irin waɗannan yatsu. Shafi'u ya ajiye sukuddireban a kan dakali.

Inno na kallonsa ta ƙarƙashin lulluɓi.

"Yana ciki?" ta tambaya. "Alhaji na nan ciki?"

Shafi'u ya ɗaga hannunsa na hagu ya duba, gaba da baya.

"Ban sani ba, Inno," in ji shi. "Sai hannuna ya warke."